Turbon Mota: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ke Kashe Shi da Yadda Ake Sabunta Shi

Waɗannan su ne tambayoyin da direbobi, masu motocin haya da makanikai suka fi yawan yi idan turbo ya fara ba da matsala. An sa wa kowace tambaya lamba domin a iya komawa ga amsar da ta shafi wata.

1. Mene ne turbo, kuma wane aiki yake yi wa inji?

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Idan aka cusa wa silinda iska fiye da wadda take zuƙa da kanta, za a iya ƙara mata mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Turbo shi ne mai cusa iskar. Fanka biyu ce a kan sanda guda: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga iyakilina ta danna ta cikin inji. Injiniyan ƙasar Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905, kuma ƙananan motoci sun fara samun ta a Amurka a 1962 da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. A hanyoyinmu, Hilux mai injin 2KD ko 1KD tana da turbo, haka ma manyan motocin DAF, MAN da Howo, amma Land Cruiser mai injin 1HZ ba ta da shi.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne yanayin da yake aiki a ciki. Sandar turbon ƙaramar mota tana iya juyawa sau 200,000 a minti guda, hayaƙin da ke dukan fankarsa kuma yana kaiwa digiri 700 zuwa 800 a injin dizal, a na fetur ya kusanci 1,000.

2. Waɗanne sassa ne a cikinsa?

Gida uku ne a haɗe. Gidan hayaƙi na ƙarfe ne, a cikinsa akwai fankar hayaƙi wadda aka walde da sandar tun daga kamfani. Gidan iska na alminiyam ne, fankarsa kuma noti ne ke riƙe ta a kan sandar. A tsakiyarsu akwai gidan bushi, wanda idan aka haɗa shi da sanda da fankokin biyu ake ce masa katirij. A nan ne bushin tagulla suke, tare da faifan da ke hana sandar zuwa gaba da baya, da ƙananan ringi a kowane gefe. Sandar ba ta taɓa bushi yayin aiki. Tana shawagi ne a kan shimfiɗar baƙin mai da ta fi silin gashi siranta. Sannan akwai abin da ke ƙayyade matsin iska: ko dai ƙofar da ke karkatar da hayaƙi idan matsi ya isa, ko kuma fikafikai masu motsi, waɗanda amsa ta 9 ta yi bayaninsu.

3. Ta yaya direba zai gane turbo ya fara lalacewa?

Mota takan rasa ƙarfi, musamman a hawa ko da kaya, ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi ko mai shuɗi-shuɗi, ta riƙa shan baƙin mai, ko a ji wani kuka kamar jiniya da ke ƙaruwa idan an taka totur. A motocin zamani na'urar bincike takan nuna P0299 idan matsin iska ya gaza, ko P0234 idan ya wuce kima.

Sai dai babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ke tabbatar da cewa laifin turbo ne. Tiyon iska da ya tsage, iyakilina da ta toshe, salansa da ta cushe, nozul da ya lalace, duk suna kawo irinsu. An sha sauke turbo lafiyayye alhali kilif ɗin tiyo ne kawai ya kwance. Saboda haka a fara da abin da ido ke gani, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ana neman tsaga ko tabon mai, kafin a ɗauki sifana.

4. An ga baƙin mai a cikin tiyon iska. Wannan yana nufin turbo ya mutu?

Ba lalle ba ne. Ɗan danshin mai a cikin tiyo abu ne da aka saba gani, domin bututun numfashin inji yana zubo tururin mai a gaban turbo. Abin damuwa shi ne mai ya taru har ya riƙa ɗiga, ko ya kwanta a cikin intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya danna kafin ta shiga inji.

Ko a nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi, wato a ce "sil ɗin turbo ya ƙare". Ringin da ke cikin turbo na ƙarfe ne kamar na fistin, ba roba ba ne, kuma babban aikinsu shi ne hana iska da hayaƙi shiga gidan bushi. Abin da ke tsare mai a ciki shi ne matsin iska da na hayaƙi daga waje, da kuma yadda man ke gangarawa da kansa ta bututun dawowa zuwa kaskon da ke ƙasan inji. Idan bututun nan ya toshe ko ya lanƙwashe, ko an cika wa inji mai ya wuce alama, ko ringin fistin sun ci har matsi ya taru a ƙasan inji, man ba zai sami hanyar sauka ba, sai ya tsallaka ringin turbo. Haka nan idan iyakilina ta toshe, fankar iska za ta riƙa zuƙo mai daga bayanta. A duk waɗannan, sabon turbo ma zai yi yoyo ranar da aka ɗaura shi.

5. Yaya ake gwada wasan sanda, kuma wane wasa ne ya yi yawa?

A bar inji ya huce, a cire tiyon da ke shiga turbo, a kama notin fanka da yatsu. Wasan gefe da gefe kaɗan ba laifi ba ne a turbo mai bushi, saboda babu matsin mai a lokacin, muddin fankar ba ta taɓa jikin gida ba idan an tura ta gefe ana juyawa. Wasan gaba da baya kuwa bai kamata yatsa ya ji shi sosai ba. A yawancin ƙananan turbo ba ya wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita, kuma agogon awo ne kaɗai ke faɗin gaskiyarsa. Kowane samfuri yana da nasa ma'auni a littafin kamfanin da ya ƙera shi, ko Garrett ne, ko Holset, BorgWarner, IHI ko Mitsubishi. Turbo mai boris a madadin bushi kusan ba ya nuna wasa ko kaɗan. A haska tocila a duba ko akwai goguwa mai sheƙi a jikin gidan, domin ita ce shaidar cewa fanka ta riga ta fara taɓawa.

6. Me ya fi kashe turbo?

Baƙin mai, ko rashinsa ko dattinsa. Masu ƙera turbo sun sha nanata cewa kaɗan ne ƙwarai ke mutuwa saboda kuskuren ƙira, kuma duk wanda ya daɗe yana buɗe su zai gaskata haka. Shi ya sa bai dace a jefar da tsohon turbo ba tare da an warware shi an duba ba, domin abin da ya kashe shi yana rubuce a jikin sandarsa.

Idan mai ya yanke, ko da na 'yan daƙiƙoƙi ne ana cikin gudu, sandar takan canza launi ta yi shuɗi ko ruwan ƙasa a daidai mazaunin bushi, tagulla ta manne mata, wani lokaci har ta karye ko notin fanka ya kwance. Sai a bincika bututun da ke kawo mai, rariyar da ke cikin kaskon mai, famfon mai, da kuma ko an shafa gam a gaskit ya toshe rami. Idan kuwa mai yana zuwa amma da datti, za a ga zane-zane a kewayen sanda da bushi waɗanda farce ke kamawa, ba tare da canjin launi sosai ba. Wannan yana nuni ga juyen da aka jinkirta, filtar mai marar inganci, ko garin ƙarfe daga injin da ya taɓa bugawa. Akwai kuma man da dizal ko ruwa ya tsinka, wanda ke cinye bushi a hankali su yi sumul kamar an goge su.

Batun man jabu ya cancanci a tsaya a kansa. Tsohon mai da aka tace aka zuba a sabuwar jarka zai iya tafiyar da inji na wani lokaci ba a gane ba, amma turbo ne farkon wanda zai nuna, saboda shi ya fi kowane sashe gudu da zafi. Kuɗin da aka rage wajen sayen mai bai kai kuɗin gyaran turbo ba.

7. Fikafikan fanka sun guntule ko sun cinye. Daga ina hakan yake?

A duba wace fanka ce. Idan ta iska ce kuma bakin fikafikan ya lanƙwashe ko ya karye, wani abu mai tauri ya shiga: noti, zoben da ake sawa a ƙarƙashin noti, guntun kilif, ko tsumman da aka manta a tiyo bayan aiki. Idan bakin ya siranta ya yi kaushi kamar an goga masa yashi, to ƙura ce, kuma wannan ciwo ne da ya fi damun motocin da ke bin hanyoyin da ba kwalta, musamman lokacin hunturu. Al'adar cire iyakilina a bubbuga ta a ƙasa ko a hura mata iska mai ƙarfi tana huda takardarta da ramukan da ido ba ya gani. Canza ta ya fi. A kuma duba murfin gidanta da tiyon da ke tsakaninta da turbo, domin duk ƙurar da ta shiga ta nan ba ta bi ta tacewa ba.

Idan fankar hayaƙi ce ta guntule, abin ya fito ne daga cikin inji, kamar guntun bawul, kan hita-fulog ko ɓallin bututun hayaƙi. A nan dole a duba injin kansa kafin a yi maganar turbo.

8. Gaskiya ne kashe mota nan take bayan doguwar tafiya yana lalata turbo?

Gaskiya ne. Da zarar inji ya tsaya, mai ya daina zagayawa, zafin gidan hayaƙi kuma ya bi sanda ya shiga gidan bushi ya dafa ɗan man da ya rage har ya zama gawayi. A hankali gawayin yana toshe hanyoyin mai ya daskarar da ringi. Tirelar da ta gama Hawan Kibo na jihar Filato da kaya ta tsaya, ko motar da ta sha gudu daga Kaduna zuwa Kano, tana bukatar minti biyu zuwa uku a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, kafin a kashe ta. Da safe kuma a bar mai ya zagaya na ɗan lokaci kafin a taka totur. Barin inji a silo na sa'o'i shi ma ba alheri ba ne, domin matsin da ke tsare mai, wanda aka bayyana a amsa ta 4, yana raguwa.

Wani abin da ke kashe turbo ba tare da an lura ba shi ne gudun da ya wuce iyakarsa. Idan iska tana tsiyaya ta tiyo ko intakula, turbo zai yi ta ƙara gudu don ya cike giɓin. Haka ma idan an taɓa kwamfutar mota ko an ɗaure ƙofar hayaƙi don neman ƙarin ƙarfi. Shaidarsa ita ce bayan fankar iska ya yi gurje-gurje kamar ɓawon lemo, ko fiffike ya ɓalle daga tushe.

9. Mota tana rasa ƙarfi sai an kashe an sake tayarwa. Mene ne dalili?

Wannan ya fi faruwa a turbo mai fikafikai masu motsi, irin na injin 1KD da yawancin injunan dizal na Turai. Fikafikan suna kewaye da fankar hayaƙi, suna tsukewa ko buɗewa gwargwadon bukata. Toka tana daskarar da su, musamman a motar da ke yawo cikin gari kawai, sai matsi ya wuce kima, kwamfuta ta rage ƙarfi don kare inji. Sau da yawa wankewa ta isa. Amma kada a taɓa notin saitin sandar da ke motsa su, domin a kan na'ura aka daidaita shi. A kuma gwada abin da ke tura wannan sandar, wato tiyon zuƙar iska da bawul ɗinsa ko ƙaramin injin lantarki, kafin a yanke hukunci.

10. Wanne ya fi: canza bushi, sayen katirij, sabon turbo, ko na hannu?

Ya danganta da abin da aka tarar. Idan fankoki ba su taɓa gida ba, sanda ba ta ƙone ba, ramin bushi bai buɗe ba, kayan gyara na bushi da ringi sun wadatar, da sharaɗin da ke amsa ta 12. Idan sanda ko fanka ta lalace amma gidaje biyu na waje lafiya suke, katirij da aka riga aka daidaita shi ne zaɓin da ya fi hankali ga yawancin masu mota. Idan gidan hayaƙi ya tsage har ya kai mazaunin fanka, ko fanka ta cinye jikinsa, sai cikakken turbo.

Na hannu, wanda ake samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, zai iya zama mai kyau, amma a yi masa gwajin amsa ta 5 a gaban mai sayarwa. Kowanne za a saya, a bi lambar da ke jikin farantin turbon, ba kamannin waje ba. Turbo biyu suna iya kama da juna alhali girman fankokinsu ya bambanta.

11. Yaya ake warware turbo a sake haɗa shi?

Kafin a kwance komai a sa alama a inda gidaje uku suke haɗuwa, domin kusurwar bututun mai ta dawo daidai, mashiga a sama, mafita a ƙasa. A jiƙa notocin gefen hayaƙi da man kwance tsatsa, a zare gidajen a miƙe ba tare da karkatawa ba don kada su karya fiffike. A sa alama a kan noti, fankar iska da sanda. Notin fanka a turbo da yawa yana kwancewa ne ta hannun dama, akasin yadda aka saba, kuma a yi amfani da sifana mai hannu biyu domin ƙarfin gefe guda yana lanƙwasa sandar. Idan fanka ta ƙi fita a ɗan ɗumama ta. Guduma ba ta da wuri a wannan aiki.

Bayan an wanke komai, har cikin ramukan mai, sai awo. A auna kaurin sanda a mazaunin bushi, a gwada miƙewarta, a duba kwarmin ringi ko ya buɗe, a auna ramin gidan bushi. Duk abin da ya fita daga ma'auni a canza shi. Kada a goge sanda da sanfefa, kada a sa burushin waya a fankar alminiyam, kuma kada a miƙar da fiffiken da ya lanƙwashe, domin zai karye a cikin gudu ya shiga inji.

Haɗawa tana bukatar teburi mai tsabta, nesa da ƙasa da ƙurar gareji. A sa sababbin zobban riƙewa, bushi, faifan tsaida sanda da ringi, ana shafa musu sabon baƙin mai. A tura sanda a hankali har ringi ya zauna ba tare da ya karye ba, a daidaita alamomin da aka sa, a ɗaure noti da ma'aunin da littafi ya faɗa, sannan a tabbatar sandar tana juyawa sumul.

12. Dole ne a yi balansi bayan gyara?

A turbon ƙananan motoci, dole ne. Ƙarfin girgiza yana ƙaruwa ninki huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu, saboda haka nauyin da hannu ba zai taɓa ji ba ya isa ya cinye bushi a gudun da aka ambata a amsa ta 1. Ana fara daidaita sanda da fanka kowanne shi kaɗai, sannan a ɗora katirij a kan na'urar da ke ba shi mai tana juya shi da iska kusa da gudun aikinsa. Maida alamomi daidai yana taimakawa idan ba a canza fanka ko sanda ba, amma ba ya maye gurbin na'ura. Inda babu mai wannan na'ura a kusa, sayen katirij ya fi aminci. Turbon da ba a daidaita ba yakan yi kuka tun ranar farko.

13. Me ya wajaba a yi ranar ɗaurawa?

A yi juye da man da kamfani ya ƙayyade, a canza filtar mai da iyakilina. A sa sabon bututun kawo mai, domin gawayin da ke cikin tsohon ba ya fita duka da wanki. A tabbatar bututun dawowa da na numfashin inji a buɗe suke. A sauke intakula da tiyoyi a wanke su daga mai da guntayen tsohuwar fanka. A yi amfani da sababbin gaskit, ba tare da gam ba ko kaɗan a hanyar mai.

Kafin a haɗa bututun sama a zuba sabon mai a mashigar turbo ana juya fanka da hannu. Sannan a murza inji ba tare da an bari ya tashi ba har mai ya fito ta bututun dawowa. Bayan an tayar, a bar shi a silo na 'yan mintuna ana duba yoyon mai, iska da hayaƙi kafin a fita gwaji.

14. An sa sabon turbo, bai daɗe ba ya sake lalacewa. Jabu aka sayar mini?

Yana yiwuwa, amma galibi an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Misalin da makanikai suka sani shi ne injin 1.6 HDi na Peugeot da Citroën, wanda Ford ma ta sa a Focus. Zoben tagullar da ke ƙarƙashin injekta, wato nozul, yakan yi yoyo, gawayi ya gurɓata mai, ya toshe rariyar kasko da ƙaramar rariyar da ke cikin notin bututun turbo. Duk turbon da aka ɗaura kafin a sauke kasko, a canza rariya da bututai, a gyara mazaunin injekta, a kuma yi juye fiye da sau ɗaya, zai bi sahun na farko. A warware wanda ya mutu a gwada shi da alamomin amsa ta 6 zuwa ta 8. Idan sandarsa ta yi shuɗi, matsalar tana cikin inji har yanzu.

15. Injin dizal ya ɗauki gudu da kansa, an cire makulli bai mutu ba. Me za a yi?

Wannan yana faruwa idan baƙin mai mai yawa ya bi ta turbo ko intakula ya shiga silinda, injin ya koma ƙona shi a madadin dizal. Makulli ba zai tsayar da shi ba, tunda ba ta hanyar nozul man yake zuwa ba. A mota mai giyar hannu, a taka birki da ƙarfi, a sa giya mafi girma, a saki kuloci don injin ya shaƙe. In ba haka ba a toshe mashigar iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ko tsumma ba, ko a fesa na'urar kashe gobara mai iskar kabon a mashigar. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan a kusa, kowa ya yi nesa da motar, domin injin yana iya tarwatsewa. Bayan ya tsaya kada a sake tayar da shi sai an zubar da man da ke cikin intakula, an cire injekta an fitar da wanda ya taru a silinda, an kuma auna matsin kowace silinda.